Shafi a Bakin Na'urar Ɗinkin Tiyata

(Jawabin da wani malamin tiyata ya yi a zauren ƙungiya, cikin jerin laccocinmu na ƙarshen mako. Mun buga shi kamar yadda aka faɗe shi, sai ɗan abin da muka rage saboda ƙarancin fili. Edita.)



Sa'ad da sakataren ƙungiyarku ya same ni ya ce in zo in yi magana a kan aikin tiyata, na san abin da ya ke tsammani. Jira ya ke in ce dashen zuciya, ko raba tagwayen da aka haifa a manne. Da na gaya masa zan yi magana ne a kan wani ɗan ƙyalle wanda bai wuce tsawon yatsa ba, sai ya yi shiru, ya dube ni, sa'an nan ya rubuta a takardarsa don ladabi. To, irin wannan ladabi na ke roƙo a gare ku na kamar rabin sa'a. In na gama, ku yanke hukunci da kanku.

Bari in fara daga abin da kowa ya sani. Duk wanda ya taɓa juya babbar riga ya dubi cikinta, ya ga shafin da maɗinki ya sa mata. Haka kuma tela mai hankali, in za shi ɗinka maɓalli a jikin tsohon yadi, ya kan sa ɗan ƙyalle daga ciki tukuna. Dalili kuwa shi ne zare ya fi tsohon yadi ƙarfi. In aka ja, zaren ba ya tsinkewa, yadin ne ya ke yankawa ya fice. Wannan matsala ta tela ita ce ta sami likitocin tiyata sa'ad da suka koma ɗinka naman mutum da ƙarfe, maganin da suka samo kuwa shi ne na tela. Saboda haka a cikin jawabin nan zan riƙa kiran ƙyallen nan shafi.

Na'urar da mu ke magana a kanta 'yar'uwa ce ga sitefular da ke kan teburin kowane akawu, wadda a ke maƙala takardu da ita. Ta fara fitowa a birnin Budapest na ƙasar Hangare a 1908. Wani likita, Hümér Hültl, shi ya tsara ta, wani maƙerin kayan asibiti, Victor Fischer, ya ƙera. Nauyinta ya wuce kilo uku da rabi, ɗura mata ƙusoshi kuwa ya kan ci wajen sa'a biyu. A 1921 wani ɗan ƙasar, Aladár Petz, ya fito da wadda ta fi ta sauƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai Rashawa suka ɗauki aikin, suka kafa cibiya a Mosko, suka ƙera iri iri, na huhu da na hanji da na jijiyar jini. A 1958 wani likitan Amurka, Mark Ravitch, ya kai ziyara Tarayyar Sobiyet, ya ga Nikolai Amosov yana aikin huhu da irin wannan na'ura a birnin Kiev, ya sayo ɗaya ya koma gida da ita. Daga nan aka kafa kamfanin United States Surgical a 1964, a 1967 kuwa ya fara sayar da na'urori masu gidan ƙusa wanda aka riga aka ɗura tun daga masana'anta.

Yadda ta ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Tana da muƙamuƙi biyu. Ɗaya yana ɗauke da gidan ƙusoshi, ɗayan kuwa uwar maƙera ce mai 'yan ƙananan ramuka. Kowace ƙusa siririyar waya ce, yawanci ta ƙarfen taitaniyom, mai ƙafa biyu kamar harafin U. In likita ya matse, ƙafafun su huda nama, su faɗa ramukan maƙera, su lanƙwaso su zama kamar harafin B. Wannan siffa tun daga Hültl ta ke, hikimarta kuwa ita ce ta riƙe nama ba tare da ta shaƙe shi ba, ƙananan hanyoyin jini su ratsa ta cikin zoben, bakin ɗinki ya rayu ya warke. A irin wadda aka fi amfani da ita yau, layin ƙusa uku ne a dama, uku a hagu, wuƙa tana bi ta tsakiya tana raba naman. Tsawon layin milimita 30 ne, ko 45, ko 60. Ƙusoshin ma suna da tsawo dabam dabam: mai ƙafa milimita 3.5 ta kan rufe a kan 1.5, mai 4.8 kuwa ta rufe a kan 2. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu komo kansu.

To, ina matsalar ta ke? Kowace ƙusa ƙafa biyu gare ta, kowace ƙafa kuwa kafa ta ke hudawa. A lafiyayyen nama kafar ta kan tsuke ta rungumi wayar. Amma akwai naman da ya zama tsohon yadi. Babban misali shi ne huhun mai ciwon emfisima, cutar da shan taba ya fi kawowa, hayaƙin itace na shekara da shekaru ma yana taimaka mata. Irin wannan huhu ya kan kumbura ya yi laushi, ya zama kamar tsohon gidan sauro. In aka ɗinke shi da ƙusa, da majinyaci ya yi tari sai wayar ta yanka naman, iska ta riƙa tsiyaya cikin ƙirji. Duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan majinyaci ya san kwalbar ruwan nan da a ke ajewa a gindin gado, da roba ta fito daga haƙarƙari ta shiga cikinta. Muddin ruwan yana ɓulɓula, ba a cire roba, ba a kuma sallama. In ya wuce kwana biyar, likitoci su kan lissafta shi cikin yoyo mai daɗewa, kowace rana kuwa ƙofa ce ga ƙwayar cuta, ga kuma kuɗin gado.

Tun cikin shekarun 1950 wani likita a Baltimore, Otto Brantigan, ya yi tunanin cewa in aka rage ɓangaren huhun da ya fi lalacewa, sauran zai sami sararin numfashi. Tunanin daidai ne, amma mutuwa ta yi yawa, aka watsar da aikin. Wanda ya farfaɗo da shi shi ne Joel Cooper, likitan nan da ya yi dashen huhu na farko da ya ɗore, a Toronto a 1983. Bayan ya koma birnin St. Louis na Amurka, a 1994 ya buga bayanin dabararsa: ya yanko tantanin da ke lulluɓe da zuciyar sa, watau jakar zuciya, ya shimfiɗa shi a kan muƙamuƙan na'ura biyu, yadda ƙusa za ta ratsa shafi, ta ratsa huhu, ta sake ratsa shafi kafin ta lanƙwashe. Amfanin abin uku ne. Jan da ke kan ƙusa ɗaya ya watsu a kan tsawon shafin duka. Kafofin ƙusa su toshe. Ƙananan jijiyoyin jini kuma su danne.

Daga nan aka shiga neman abin da ya fi dacewa a yi shafin da shi. Akwai na jikin dabba, watau tantanin zuciyar sa wanda aka jeme shi da magani, da wani da a ke cirowa daga hanjin alade. Tantanin sa yana da ƙarfi, amma ya kan daɗe a jiki, har an sami rahoton majinyata da suka yi tari suka fito da ƙusoshi da guntun shafi bayan watanni. Akwai na roba wadda ba ta narkewa sam, dangin wadda a ke shafa wa tukunya don kada abinci ya kama. Sa'an nan akwai wanda aka yi da irin sinadarin zaren tiyata mai narkewa, kamar Neoveil na kamfanin Gunze a Japan, da Seamguard na kamfanin Gore a Amurka, wanda jiki ya kan shanye shi cikin wata shida zuwa bakwai, bayan nama ya riga ya haɗe.

Yanzu na iso ga gindin maganata. Samun shafi mai kyau rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda ya fi ba masu ƙira wahala, shi ne yadda za a ɗora shi a bakin na'urar. Ku duba abin da a ke bukata. Yawancin irin waɗannan ayyuka yau ta ƙaramar kafa a ke yin su, na'ura ta bi ta cikin bututu mai faɗin kamar milimita 12, likita yana kallo a allon talabijin. Shafi zai bi ta wannan matsatsi bai zame ba. A ciki zai tarar da jini da ruwan jiki da santsi. Likita zai buɗe muƙamuƙi, ya zura nama, ya ga bai yi masa ba, ya saki, ya sake kamawa, watakila sau uku ko huɗu, shafi kuwa dole ya zauna sumul a tsakiya, ba naɗewa, ba karkata. Abin da ke riƙe da shi bai kamata ya cike ramukan maƙera ba, bai kamata ya tare wa wuƙa hanya ba. Sa'an nan, a cikin daƙiƙar da aka harba ƙusoshi, abin nan da ya riƙe gam dole ya saki gaba ɗaya. In ya saki da wuri, wasu ƙusoshin su faɗa inda babu shafi. In ya tattare, kauri ya bambanta, ƙusa ta kasa zama B. In kuwa ya ƙi saki, to, sa'ad da likita ya buɗe na'ura sai ta fizgi ɗinkin da aka gama yanzu yanzu. Watau ana neman abu ɗaya ya iya riƙo, ya kuma iya saki, kowanne a lokacinsa. Mu ma 'yan Adam ba kowa ne ya iya haɗa biyun ba.

Hanya uku aka fi bi. Ta farko ita ce kube. A ɗinka shafin ya zama kamar kuben wuƙa, ma'aikaciyar jinya ta zura ɗaya a kowane muƙamuƙi. A wasu iri, ɗinkin kuben irin na bakin buhun shinkafa ne: bayan na'ura ta kama nama sai a ja zare guda, ɗinki ya warware daga farko har ƙarshe, shafi ya rabu da na'ura. Wannan hanya tana riƙo ƙwarai. Aibinta shi ne kube yana ƙara wa na'ura kauri a bakin bututu, zaren kuma, da duk wani marufi da ba na zama a jiki ba ne, sai an fito da su an tabbata ba a bar kome a ciki ba.

Ta biyu ita ce danƙo. Irin su Peri-Strips Dry su kan zo a busasshe, a shimfiɗe cikin wani ɗan mazubi na roba. Ma'aikaciya ta zizara siririn danƙo a kai, ta zura mazubin tsakanin muƙamuƙai, ta matse, ta ɗan jira, sa'an nan ta zare mazubi ta bar shafi a manne. Babu zaren da za a nema daga baya, amma nasarar abin tana hannun mai shafawa. In danƙo ya yi kaɗan shafi ya zame, in ya yi yawa ya cushe inda ba a so, in kuma muƙamuƙin bai bushe ba daga harbin baya, ba zai kama ba. Ku tuna a aiki ɗaya a kan yi harbi biyar ko shida, kowanne da sabon gidan ƙusa da sabon shafi, likita yana tsaye yana jira, majinyaci yana kwance cikin maganin barci. Don haka ne kamfanoni suka koma kawo shafi wanda aka riga aka sa masa danƙo daidai gwargwado, aikin ma'aikaciya ya zama matsewa da zarewa kawai.

Ta uku ita ce a ɗaure shafin tun daga masana'anta. Gidan ƙusa ya zo da shafinsa, an riƙe shi da 'yan zarurruka a gaba da baya, an kuma tsara na'urar yadda tafiyar wuƙa ita da kanta za ta sake su. Wannan ya kawar da kuskuren hannu, ya rage lokaci. Amma ya fi tsada, ya kuma ɗaure asibiti ga kamfani guda. Ban da waɗannan uku, an yi rajistar dabaru masu yawan gaske, na ƙugiya da na 'yan tsinke da na aljihu, yawancinsu a takarda suka tsaya.

Kowace hanya aka bi, akwai lissafin da ba a tsallakewa. Shafi biyu ne, sama da ƙasa, kaurinsu kuwa yana shiga cikin abin da ƙusa za ta runguma. Ƙusar da ke rufewa a kan milimita 1.5 ta ishi wani nama in shi kaɗai ne, amma in aka ƙara masa shafi sai ta gaza, ƙafafunta su kasa lanƙwasowa. Saboda haka sau da yawa sai an hau zuwa ƙusa mai tsawo. Ana kuma koya wa likita ya matse ya jira kamar daƙiƙa 15 kafin ya harba, don ruwan nama ya tsiyaye, kauri ya daidaita.

Kada ku ce duk wannan maganar masu ƙira ce. A watan Janairu na 2012 kamfanin Covidien ya ba da sanarwar a daina amfani da wani gidan ƙusa nasa mai haɗe da shafi, mai suna Duet TRS, a aikin ƙirji, bayan ya sami rahoton mutum 13 da suka ji mummunan rauni da mutum 3 da suka rasu. Abin da aka gano shi ne shafin yana iya ji wa sassan da ke maƙwabtaka da ɗinkin ciwo, jini ya ɓalle bayan an rufe majinyaci. Kafin shekarar ta ƙare aka daina ƙera shi. Abin da aka sa don ya hana zub da jini shi ya jawo shi; garin neman gira aka rasa ido.

Wajibi ne kuma in gaya muku cewa shafi ba a ko'ina ya ke biyan kuɗinsa ba. A huhun mai emfisima gwaje-gwaje sun nuna yana rage kwanakin yoyon iska, amma a huhu mai ƙwari amfaninsa bai fito fili haka ba. A aikin rage tumbi da a ke yi wa masu matsananciyar ƙiba, inda a ke yanke wajen kashi uku cikin huɗu na tumbin a bar dogon layin ƙusa, yawancin bincike ya yarda yana rage zub da jini. Batun yoyo kuwa har yanzu da gardama. Wani babban nazari da aka buga a Amurka a 2016, a kan majinyata fiye da 180,000, ya sami jini ya ragu ga waɗanda aka ƙarfafa wa ɗinki, amma yoyo ya ɗan fi yawa a cikinsu, alhali wasu nazarce-nazarcen sun sami akasin haka. Shi ya sa likita mai hankali ba ya sa shi don ado ko don ɗan kasuwa ya yaba masa shi; ya kan dubi naman da ke gabansa tukuna.

Na san wani a cikinku yana cewa, mu ina ruwanmu, tun da a yawancin asibitocinmu da allura da zare a ke ɗinki? Gaskiya ne, ɗinkin hannu kuwa ba abin kunya ba ne, in hannun ya ƙware. Amma na'urorin nan sun riga sun shigo manyan asibitocinmu, kuɗinsu kuwa sau da yawa daga aljihun majinyaci da danginsa ya ke fita. Ku kuma, nan da 'yan shekaru, ku ne za ku zauna a kwamitin sayen kaya na ma'aikatar lafiya, ku ne za ku riƙe mabuɗin sito. Ina so ku tafi da abu huɗu.

Na ɗaya, shafi da na'ura aure ne. Kowane shafi an yanka shi ne don wata na'ura da wani tsawo. In ɗan kwangila ya kawo na'urar wannan kamfani da shafin da aka yi wa wancan domin ya fi araha, an yi asarar duka biyu. Na biyu, shafi mai narkewa danshi ne ke narkar da shi a cikin jiki, zafi da raɓa kuwa ba su san bambancin jikin mutum da sito ba. Kayan da suka sha zafin bazara a ɗakin kwano, ko marufinsu ya huje, ba abin amincewa ba ne, ko da ranar da aka rubuta ba ta cika ba. Na uku, kuɗin horad da ma'aikatan jinya na ɗakin tiyata yana cikin kuɗin kaya, domin su ke ɗora shafin, sa'an nan a buɗe littafin da za a riƙa rubuta duk harbin da ya ƙi. Ita kanta Amurka sai da rahotannin matsala suka taru kafin hukumar kula da abinci da magunguna tata ta ƙara tsananta dokar waɗannan na'urori a 2021. Wanda ba ya rubutawa ba shi da abin da zai kafa hujja da shi. Na huɗu, majinyaci yana da hakkin ya san da me aka yi abin da za a bari a jikinsa, na sa ne, ko na alade, ko na masana'anta. Hukuncin lalura na malamai ne, amma faɗin gaskiya kafin a shiga ɗakin tiyata na likita ne, musamman da ya ke akwai zaɓi.

Ku kuma ɗaliban injiniya da na likitan dabbobi, ga abin tunani. Kowace safiya ana yanka shanu a mayankanmu, tantanin zuciyarsu kuwa ba wanda ya ke waiwayarsa. Kada dai ku ɗauka a yanko a wanke ne kawai. Tun da aka gano cutar haukan shanu a Ingila a 1986, ba a karɓar irin wannan tantani sai daga garken da aka san tarihinsa, sa'an nan ga jima, ga kashe ƙwayoyin cuta, ga gwaji a kan kowane kashi. Aiki ne na shekaru, mai bukatar likita da injiniya da mai kula da garke su zauna a tebur ɗaya. Amma an yi shi a wasu wurare, waɗanda suka yi kuwa daga tambaya suka fara.

Malam Shugaba, na ga sakatare yana duban agogo. Mutanen da suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ba su san na'urar tiyata ba, amma sun san aiki. Ranar da takardar sayen kayan asibiti ta zo teburin ɗayanku, ya ga layin ƙarshe mai ƙaramin suna da babban kuɗi, ina roƙonsa kada ya soke shi, kada kuma ya sa hannu, sai ya taka zuwa ɗakin tiyata ya tambayi masu ɗora shi a bakin na'ura.

 In akwai tambaya, ga ni.